Makullin da Glenys Ta Ƙi Karɓa

Yayata Glenys ta yi fiye da shekara talatin tana leƙa bakunan mutanen Addercote tana ciro abin da ya ruɓe. Da ta ajiye aikin likitan haƙori, kowa ya ɗauka za ta koma shukar furanni kamar sauran waɗanda suka gaji da jama'a. Sai ta kwashe tsinkayen ƙarfen aikinta, ta lanƙwasa bakinsu, ta koma sakace kwaɗo. A harshenmu kalma ɗaya ce ake faɗa wa sakace haƙori da buɗe kwaɗo ba makulli, saboda haka a ganinta ba ta canza sana'a ba, majinyatan da ba sa ihu kawai ta samu.

Ita ta kafa ƙungiyarmu ta masu sakace kwaɗo. Mu tara ne, muna haɗuwa ran Alhamis da yamma a ɗakin da ke saman mashayar garin, kowa da jakar kwaɗunansa da kofin giyarsa, mu yi tsit muna sauraren ƙarfe kamar masu jiran wahayi. Ni ne sakatare, don ni lauya ne mai ritaya, kuma don na fi kowa rashin iyawa, dole aka samo mini abin yi. Doka ɗaya gare mu, Glenys ce ta kafa ta: ba ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai mai shi ya yarda, wanda ya karya kuma ya bar ƙungiya. Ba ta kuma yarda a ce "ɓalle" ko "fasa" a gabanta.

"Ɓarawo ke ɓallewa, jaki ke fasawa," in ji ta. "Mu sakacewa muke yi, mu bar abu yadda muka same shi."

Abu na biyu da ya rage mata a duniya shi ne iyo a kogi. Kullum da safe, ko da ƙanƙara na kwance a kan ciyawa, sai ta sa hular robarta ruwan ɗorawa, ta bi layin coci har ƙarshe, ta tura ƙofar katako, ta ratsa filin gidan Verrall zuwa gurbin da ake iya shiga ruwa. Babu wata hanyar, sama da ƙasa duk ƙaya ce da gangare. Tun da ta cika saba'in na ɗora wa kaina raka ta in riƙe tawul, don in ruwa ya tafi da ita a samu mai ba da labari daidai.

Dokar ƙasarmu ta ce in jama'a suka yi shekara ashirin suna bin wata hanya a filin wani, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, kuma ba da izininsa ba, hanyar ta zama tasu har abada. Masu filaye sun san maganin wannan tun zamanin kakanni: rana ɗaya a shekara sai su garƙame ƙofa, lissafi ya koma farko. A Addercote ranar ita ce Litinin ta farko a Fabrairu. Tsoho Verrall yakan fito da kansa, ya rataya wani tsohon kwaɗo, ya tsaya gefe da kwalbar wuski da ƙananan kofuna yana ba duk wanda ya zo haƙuri. Mutane sukan sa rigar kirki su zo musamman don a hana su wucewa. Kashegari ya cire abinsa. Haka ake ƙwace wa mutane haƙƙi a wajenmu, cikin ladabi, har da abin sha.

Shekarar da matarsa ta rasu bai fito ba. Ta gaba ma haka. Ko mantawa ya yi, ko da gangan ne, ba wanda ya tambaya. Garin da in kazarka ta yi tari da safe kowa ya ji kafin rana ta faɗi, shi ne ya kama bakinsa shekara goma sha tara don kar a tuna masa. Saura shekara guda, tsohon ya mutu a watan Nuwamba ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Filin ya faɗa hannun ɗan ƙanensa, Piers Verrall, wani saurayi mai fara'a daga Landan, wanda lauyoyinsa suka iya ƙirga.

Ran Litinin ɗin muka tarar da sabon kwaɗo da sarƙa, ba wuski. Glenys ta juya gida, don al'ada ce. Ran Talata muka koma, kwaɗo na nan, Piers kuma na jingine da ƙofar cikin sababbin takalman roba waɗanda ba su taɓa ganin laka ba.

"Madam Probert ko?" ya ce. "An ba ni labarinki."

"An yi maka ƙari. Jiya Litinin, yau Talata. Cire abinka."

"Ai ba za a cire ba, Madam. Lauyoyi ne suka ce a bar shi, kin san halinsu." Ya dube ni ya yi murmushi, da alama labarina ma an ba shi. "Amma ke ban ga dalilin da zai sa ki wahala ba."

Ya ciro makulli daga aljihu, an ɗaura masa jan ƙyalle. "Na sa an yanka miki naki. Ki shiga duk lokacin da kika ga dama."

Glenys ba ta miƙa hannu ba. Ta sunkuya ta dubi makullin irin duban da take wa haƙorin da mai shi ya rantse yana gogewa.

"Auta," ta ce da ni, "wannan mene ne sunansa a shari'a?"

"Izini, Yaya."

"In na karɓa fa?"

"Kin zama baƙuwarsa. Ran da ya gaji da ke, ya canza kwaɗo."

"Haba, wa zai gaji da ita?" in ji Piers.

"Kowa," na ce. "Ka tambayi mijinta, yana kwance a maƙabartar bayan coci."

"Sauran mutanen gari fa?" Glenys ta tambaye shi. "Su ma kowa da nasa jan ƙyallen?"

"To, wannan sannu a hankali za a duba."

"Yaro, ina shiga ruwan nan tun ubanka bai san gidan su uwarka ba. Ban taɓa roƙon kowa hanya ba, ba kuma da kai zan fara ba. Mai da makullinka aljihu kar sanyi ya kama shi."

A kicin ɗinta na gaya mata gaskiya, wadda abu ce da ban cika ba wa mutane kyauta ba. Na ce maganar shari'a ta riga ta mutu. Ran da kwaɗon nan ya hau ƙofar lissafi ya tsaya, kuma babu alƙalin da zai mai da sha tara ashirin don an yi masa kuka.

"Ban tambaye ka ko zan ci ba," ta ce. "Sakacewa ƙarfi ne?"

"Alƙalai za su iya shekara suna musu a kai."

"Su yi, ai aikinsu ne. A ɓoye ba zan yi ba. Izini ba ni da shi, ba na kuma so. Saura me?"

"Saura dokar da kika kafa."

Ta tsoma biskit a shayi ta bar shi har rabinsa ya faɗa ciki. 

Ran Alhamis ita da kanta ta ta da zancen. Ta miƙe ta ce gobe da safe za ta buɗe kwaɗon da ba nata ba, mai shi kuma bai yarda ba, don haka a jefa ƙuri'a yanzu a huta. Mataimakinta, Desmond Yapp, tsohon malamin lissafi ne, irin mutumin da zai tsaya a jan wuta ko a tsakiyar daji. Ya cire tabarau ya mayar.

"Shugaba, da bakinki fa kika ce..."

"Na sani, Desmond, ina wurin lokacin da na faɗa."

Wata daga cikinmu ta ce a ɗauka ƙofar ta gari ce, wani ya ce a ɗage dokar na mako ɗaya don gyara. Mutane sukan gano basirarsu in za su kauce wa abin da suka rantse a kai. Glenys ta ce in aka lanƙwasa mata yau, gobe ɗan wani zai buɗe shagon mai burodi ya ce shi ma ra'ayi gare shi. Ita ta fara ɗaga hannu a kore ta. Desmond ya bi, fuskarsa kamar mai haɗiye magani. Sauran suka ɗaga ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki jakarta, ta shanye giyarta a tsaye, ta sauka. Muka ci gaba da sakace kwaɗunanmu na halal, ba wanda ya buɗe ko ɗaya.

Da yake ba a ɓoye za ta yi ba, sai ta gaya wa matar da ke kula da gidan waya, wanda ya fi sanarwa a rediyo. Da safe rabin gari na bakin ƙofar, da karnuka da yara. Ta zo da matashin durƙuso da ta aro daga coci, ta durƙusa, ta zura tsinke biyu. Kafin mai burodi ya gama zuba wa kansa shayi kwaɗon ya buɗe baki. Ta zare sarƙar, ta naɗe ta tsaf, ta rataye su a jikin ginshiƙi, ta wuce kogi. Mutane suka bi ta a baya, har da waɗanda rabonsu da ganin ruwan tun suna 'yan makaranta.

Piers ya kira 'yan sanda. Wata kofur ta zo daga gari na gaba, ta juya kwaɗon ta gwada shi da makulli, ya rufe ya buɗe lafiya.

"An fasa wani abu?"

"A'a, amma..."

"An ɗauki wani abu?"

"Ta shiga filina."

"To wannan kai da kotu, ranka ya daɗe. Ni an sace wa wani tumaki."

Kotu kuwa bai je ba. Lauyoyinsa sun hango hoton tsohuwa da hular roba a jarida, sun kuma san yana neman yardar ƙaramar hukuma kan gidajen da yake son ginawa. Sai ya koma sayen kwaɗo. Ya sa na tagulla, ta buɗe. Ya sa mai lambobi, ta buɗe tana hira da wata kan ciwon gwiwa. Ya sa wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ba ya buɗuwa, ta roƙe shi kwalin don tana son abin dariya a banɗakinta. Desmond ya fara zuwa da flas ɗin shayinsa yana tsayawa nesa kaɗan.

"Kallo ba ya cikin abin da doka ta hana," ya ce da ni, alhali ban tambaye shi ba.

A tsakiyar Maris abin ya daina ba da dariya. Piers ya samu wanda ya ba shi shawarar kirki, ya sayo kwaɗo daga Finland, nauyinsa kamar bulo. Cikinsa ba ƙananan sanduna ba ne irin waɗanda tsinke ke ɗagawa, faya-fayai ne da sai an juya kowanne daidai gwargwadonsa. Glenys ta durƙusa, ta zura tsinkenta, ta saurara. Ta daɗe. Sannan ta miƙe ta kaɗe gwiwa, muka koma gida tawul a bushe.

Kashegari ma haka, da wanda ya biyo shi. Jama'a suka fara raguwa, don mutane na son gwagwarmaya muddin za a gama ta kafin shayi ya huce. Da rana tana kicin da magagari tana sassaƙa sabon tsinke daga ƙusa, da safe ta gwada ya karye ko ya ƙi shiga. Yatsunta suka tsattsage da sanyi. Rashin shiga ruwan kuma ya fara nunawa, ta daina barci, tana tafiya kamar an ƙara mata shekara goma, tana zagin rediyo. Wani manomi ya zo da ƙaton almakashin yankan ƙarfe ya ce a bar shi da sarƙar, ta ce in ya matso za ta cire masa haƙorin da ta bari don tausayi.

Na ce mata, "Yaya, in kai ki wurin iyo na birni mana. Ruwan ɗumi, har da wurin shan kofi."

"Ka kai kanka, Auta. Ka yi kama da mai bukatar ɗumi."

Wata safiya ana yayyafi, daga ni sai Desmond, Piers ya zo. Takalmansa sun yi laka yanzu, fara'ar kuma ta ragu, abin da ya ƙara masa kyau. Ya tsaya yana kallon hannunta. Jini ya ɗan ɓata bakin kwaɗon.

"Madam," ya ce a hankali, "don Allah ki bari. Ba haka na so abin ya zama ba."

"Ba wanda ya taɓa so."

"To ji nan. In buɗe miki yanzu da makulli, ki shiga. Ki ce ke kika buɗe. Waɗannan biyun ba za su faɗa ba."

"Ni zan faɗa," in ji Desmond.

"Ka ji," ta ce. "Ko bai faɗa ba ni na sani. Matsa, yaro, kana tare mini haske."

"Babu rana ma."

"To kana tare mini gajimare. Matsa."

Ya matsa. Bai tafi ba, sai ya buɗe lemarsa ya riƙe a kanta daga baya, yana tsoron kar ta lura. Ta lura.

"Wannan ma izini ne, Auta?"

"A'a, wannan lema ce."

"To ya riƙe da kyau, ruwa na zuba mini a wuya."

Ba ranar kwaɗon ya buɗe ba. Sai da aka shiga mako na uku, tsinke na nawa ban sani ba, wanda ta sassaƙa daga marikin cokalin Innarmu. Ƙarar ba ta kai ta ƙyas ɗin ashana ba. Glenys ta tsaya cik, hannunta a kan kwaɗon, sannan ta ja, ya sauko. Desmond ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya manta ana ruwa. Ta yi ƙoƙarin miƙewa gwiwa ta ƙi, ni da Piers muka kama ta, ta ture hannunsa ta bar nawa. Ta ratsa filin a hankali. Da ta shiga ruwan ta saki wata ashar da ban san ta iya ba, ta yi iyo har can tsallake ta dawo, leɓɓanta shuɗi, tana dariya.

Kwana biyu bayan haka muka tarar da ƙofa ba kwaɗo, ba sarƙa, an ma sa mata mai ta daina kuka. A jikin ginshiƙin an kafa wani koren allo da farin rubutu. Mutane na ta wucewa da karnukansu, suna ɗaga wa Glenys hannu. Mai burodi ya ce da yamma giyarta a wuyansa, ta ci yaƙi.

"Ban zo da tabarau ba," ta ce. "Karanta mini."

Na karanta. An rubuta cewa ana bin wannan hanya ne bisa izinin mai fili, kuma yana iya janye izinin duk lokacin da ya so. A matsayina na lauya sai da na jinjina wa wanda ya tsara shi. Allo ɗaya ya yi abin da kwaɗuna biyar suka kasa, ba ya tsatsa, kuma babu ramin da za a zura masa tsinke.

"Wato duk wanda ya bi ta ƙofar nan ya ce na gode ke nan."

"Ko bai buɗe baki ba."

"Su kuma sun sani?"

"Sun san ƙofa a buɗe take, Yaya. Yawancin mutane iyakar abin da suke son sani ke nan. Kin samo musu kogi. Ki shiga ki yi iyonki."

Ta tsaya tana kallon allon kamar za ta iya karanta shi da ƙiyayya kaɗai. Sannan ta juya, ta bi gefen katangar dutsen da ta kewaye filin, ta ɗan yi nisa da ƙofar, ta tsaya inda duwatsun suka kai mata ƙirji. Ta cilla jakarta ciki.

"Durƙusa, Auta."

"Yaya, ga ƙofa can a buɗe."

"Na gan ta. Durƙusa."

"Shekarata sittin da uku. Ina da digiri biyu."

"To ka durƙusa a kansu, ƙasa da sanyi."

Na durƙusa. Ta taka bayana da takalminta mai laka, ta kama saman katangar, ta yi nishi, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta zauna a kai kamar mai hawan jaki tana mai da numfashi. Mutanen da ke bi ta ƙofa suka tsaya suna kallo. Piers na tahowa daga cikin filin, ya hango ta, ya rugo.

"Madam! Za ki karye! Na cire kwaɗon fa, me kuma kike so?"

"Ba na son komai daga wurinka, shi ne abin da ka kasa ganewa tun Fabrairu."

"To aƙalla in sa a yi miki matakala a nan."

"Ka sa," ta ce, tana juyo da ɗaya ƙafar. "Ni kuma in koma can gaba inda babu."

Ta dira cikin ciyawa, ta faɗi a kan gwiwa ɗaya, ta miƙe da kanta, ta gyara hular robarta. Ta miƙo hannu ta saman katangar, na ba ta tawul.